Baba Halabalu

"Kai, ku rufe min baki, Baba na kwance!" Maman 'Yan Biyu ta faɗa cikin raɗa, tana zare wa yaranta ido.

Tun da tsohon ya kwanta ciwo ta hana kowa sakat a gidan hayar. Ta lulluɓe kekenta na ɗinki da tsohon zane, ta ƙwace ƙwallon yara, ko cokali ya faɗi sai ta dafe ƙirji. Ai dole! Tsohon malamin Turanci ne, shi kaɗai a ɗakinsa, kuma shekara da shekaru da an ɗan ɗaga murya zai leƙo ta taga ya ce, "Wane irin halabalu ne wannan!" Har sunan ya bi shi. So take ya samu hutu ko da a kwanakinsa na ƙarshe ne.

Da ta kai masa shayi sai ta tarar ya juya fuska bango.

"'Yata, tashi kuka yi daga gidan?"

"Haba Baba, mu je ina? Shiru muka yi maka."

"To kun binne ni da raina."

Ta ajiye shayin. "Ba kai ke mana faɗa ba?"

"In ban yi faɗan ba, wa zai san ina nan?" Ya yi ɗan murmushi. "Kalmar nan, hullabaloo, hayaniya Turawa ke nufi da ita. Ba a tabbatar da asalinta ba. Wasu sun ce rabinta ihun kiran mutum ne daga nesa, rabin kuma waƙar lallashin jariri. Ni wannan na riƙe. Da ihunku nake barci, 'yata."

Dariya ta kama ta har da hawaye. Nan take ta jawo keken ɗinkin gindin tagarsa, ta jefa wa yara ƙwallonsu. "Ku yi ta yi, ja'irai, an ba ku dama!"

Wallahi gidan ya dawo gida. Har sau biyu aka ji "halabalu!" daga ciki, da 'yar siririyar murya, kowa ya fashe da shewa.

Wata rana da yamma ƙwallon ya gangara cikin ɗakin, ba a ji faɗa ba. Ta tsayar da keke ta shiga. Yana kwance, fuskarsa na kallon taga, kamar wanda barci mai daɗi ya ɗauke. Ta shafa idanunsa, ta yi masa addu'a, ta gyara masa mayafi.

A tsakar gida yara suna ta gardamar wanda zai shiga ɗauko ƙwallon. Ta ƙara buɗe tagar, ta zauna kusa da shi.