Jerin Littafin Malam Abdulbaƙi

Wutar da aka yi kwana da kwanaki ana jira ba ta tashi dawowa ba sai da Malam Ɗalha ya fita alwalar azahar. Fankar soron a kunne take tun ranar da aka ɗauke wutar, ba wanda ya tuna da ita. Ko da ya dawo da buta a hannu, sai ya tarar da littafin kakansa yana shawagi. Wata warƙa ta maƙale a taga, wasu sun shige bayan akwati, sauran sun bazu a kan tabarma. Ya yi salati, ya kashe fankar, ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Littafin amsoshin mas'aloli ne da kakan nasa, Malam Abdulbaƙi, ya rubuta da hannunsa a nan unguwar Kabara, rabi Larabci rabi ajami. Irin littattafan da, ba ɗinki ba lamba. Abin da ke riƙe jerinsa shi ne kalma guda da marubuci kan sa a ƙasan kowace warƙa, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. To gara ta daɗe da cinye waɗannan kusurwoyi, ta haɗa da layin farko na shafuka da yawa. Zaman da warƙoƙin suka yi a jere cikin gafaka shi kaɗai ya rage mai shaida wace ce ke bin wace. Yanzu shi ma ya tafi.

Abu ɗaya ya hana shi fashewa da kuka: da safen nan ya gama ɗaukar hoton warƙa ta ƙarshe. Ikram, 'yar ƙaninsa, ita ta gina wa gidan shafin intanet na adana littattafai. Ranar da ta kawo maganar, gyaɗa kai kawai ya yi, don Malam Ɗalha mutum ne da ko rediyo ba ya yarda da labarinsa sai ya ji a bakin wani a masallaci. Ta yi masa bayani a hankali. Abin da yake gani a wayarsa kamar zaure ne, nan ake karɓar hoto. Daga nan a miƙa shi can ciki, rumbun da ke ajiye komai yana tsarawa. In koren maki ya fito, hoto ya isa. Shi kuma da yake wayar tasa ba ta da wuri, duk wanda ya ga ya samu koren maki sai ya goge shi.

Ya sa tabarau ya buɗe shafin, a karo na farko don ya karanta, ba don ya tura ba. Hoton farko tsakiyar maganar gado ne. Na biyu hukuncin rijiyar da ɓera ya faɗa. Na uku bismillar farkon littafi. Can ma a hargitse suke.

Ikram ta zo kafin la'asar, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Kin ce min abin nan ba ya ɓatarwa."

"Bai ɓatar ba, Baffa. Duk suna ciki."

"Suna ciki, amma wa ke gaba wa ke baya? Littafin da ba jeri ai tarin takardu ne."

Ba ta yi musu ba. Ta dubi tulin warƙoƙin da ke gefensa, ta dubi fankar, ta gane komai. Ta buɗe kwamfuta ta yi ta duba rumbun, can ta ɗago.

"Kuskuren nawa ne. Network ɗin unguwar nan kun san halinsa. In ya ɗauke, hotunan sai su taru suna jira a waya. In ya dawo su tafi gaba ɗaya, mai sauƙi ya riga mai nauyi isa. Rumbun kuma yana jera su yadda suka iso. Da tun farko na duba, da na gani."

Wannan ya ɗan sanyaya masa rai. Ya sha ganin 'yan boko in aiki ya ɓaci su ɗora wa na'ura laifi, kamar ita ta kawo kanta.

"To yanzu fa? Na goge na waya."

"Ku ba ni lokaci kaɗan. Ban yi alkawari ba, amma akwai abin da na ajiye."

Ya tafi masallaci ya dawo, tana nan inda ya bar ta. Ya zauna gefe da carbi yana satar kallonta. Rubutu ne ƙanana masu launi a baƙin allo, bai fahimci ko harafi ɗaya ba, amma ya san zaman. Haka mahaifinsa kan zauna in mas'ala ta yi tsauri, baya a miƙe, leɓe na motsi, kunun da aka kawo ya huce ba a taɓa ba. Ta rubuta, ta gwada, jan rubutu ya fito. Ta yi tsaki a hankali, ta tuna a gaban wa take, ta ce, "Afuwan, Baffa." Ya yi kamar bai ji ba.

Da ta gama ta juyo masa da kwamfutar.

"Duk hoton da ya bar wayarku, na sa yana tafiya da sunan hoton da kuka ɗauka kafin shi. Rumbun ya karɓa ya ajiye, ni ce ban gaya masa ya yi aiki da shi ba. Yanzu na gaya masa. Ya nemo wanda ba kowa a gabansa, ya bi sawu har ƙarshe."

"Wa ya koya miki wannan?"

"A nan soron na gani. Ina yarinya nakan ga kuna duba ƙasan warƙa kafin ku juya."

Ya gyara tabarau ya fara daga bismilla. Ba gaggawa ya yi ba, don so yake ya kama ta da kuskure in akwai. Inda gara ta bar layi, ƙarshen shafi ya haɗu da farkon na gaba ba tangarɗa. Maganar ruwa ta ƙare kafin ta salla, gado ya koma can baya inda kakansa ya ajiye shi. Murna ta cika shi har ya rasa inda zai sa ta, sai ya shiga karantawa da ƙarfi.

A shafin ƙarshe ya tsaya. Ƙasan hoton an rubuta: wanda ya ɗora, Ɗalha.

"Wannan fa?"

"Sunan mai wayar ne. Shafin da kansa yake rubutawa."

"Ba haka ake yi ba. Duk wanda ya fitar da littafi daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa, sunansa ake sawa a ƙarshe, da na mahaifinsa, don mai karatu ya yi masa addu'a. Ni riƙe waya kawai na yi."

"Baffa, ai babu wurin wannan a shafin."

"Ke kika gina shi ko wani?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta janyo kwamfutar. Ya jira har ta ce ta shirya. Sannan ya gyara murya ya fara yi mata shifta, kalma bayan kalma, yana dakatawa don ta rubuta. Da ya zo kan sunanta yatsunta suka tsaya, sai ya sake maimaita mata.