Ranar da Aka Bar Na Sama da Rodi

Na Sama ake kiransa a wurin ginin, don shi ke tuƙa dogon injin nan mai ɗaga kaya. Kafin leburori su iso ya riga ya haye tsani da kular abincinsa da gorar ruwa, kuma ba ya saukowa sai an tashi. Ɗakin injin bai fi akurkin kaji ba: kujera, gilashi ta ko'ina, sandunan tuƙi biyu, sai rediyon oba-oba rataye a ƙusa. A nan yake ci, a nan yake salla a zaune. Sauran buƙata kuwa kada ma ka tambaya, akwai wata gorar daban.

Murya ɗaya yake ji kullum, ta Mai Usur, wanda ke tsayawa a ƙasa yana yi masa jagora. Benen ya yi tsawo har ya tare masa ganin inda ake lodi da saukewa, saboda haka idon Mai Usur shi ne idonsa.

"Ɗaga. Dama kaɗan. Tsaya. Sauke a hankali mana, ba da surukinka kake faɗa ba!"

Na Sama yakan yi dariya shi kaɗai har ya share hawaye. A ransa Mai Usur amini ne, ko da yake ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba.

'Yarsa ce ta ga shirun ya yi masa yawa, ta zuba masa darussan Turanci a waya. Wata malama ce mai sanyin murya take faɗin kalma, ta dakata, shi kuma ya maimaita da ƙarfi, tunda babu mai jinsa balle ya yi masa dariya.

Ran nan da hantsi Mai Usur ya ɗaura masa damin rodi daga bayan mota, ya ce ya ɗaga. Ya ɗaga. Kayan sun yi nisa da ƙasa ke nan sai ya ji hayaniya ta cika oba-oba. Cikin ihun ya tsinci maganar: birkilan da ya faɗo daga kan katako kwanakin baya ya karye a ƙugu, yau foman ya ce an sallame shi, wai shi ya yi ganganci.

"Riƙe nan, ina zuwa," in ji Mai Usur.

Daga nan bai ƙara jin komai ba sai shuu. Ta gefen bene ya hango su suna ɓulɓulowa wajen ƙofa, birkiloli da kafintoci da leburori, kowa ya yar da abin hannunsa. Motar foman ta fice a guje. Ya danna ham, ya sake dannawa, amma ina, suna waƙa suna buga jarkoki, har suka sha kwana.

Ransa ya yi mugun ɓaci, don babu wanda ya ga faɗuwar birkilan nan kamar shi. Daga sama ya ga katakon ya lanƙwashe, ya ga mutumin yana laluben iska, babu igiya a ƙugunsa domin ba a ba kowa ba. Da yana ƙasa da shi zai shige gaba. To amma a aikinsu ba a barin kujera da kaya a rataye, ko da gobara ake yi a gidanka. Ba zai sauke a makance ba, bai san wa ke ƙarƙashi ba. Saman benen kuma katako ne aka kakkafa ana jiran zuba kankare, ba zai ɗauki nauyin ba.

Ya ciro waya zai kira Mai Usur, sai ya tsaya yana kallonta. Ba shi da lambarsa. Ba shi da ta kowa a cikinsu, domin duk shekarun nan oba-oba ta isar masa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne yadda za a gan shi. Duk wanda ya waiwayo daga titi zai hangi inji da kaya a sama, ya ce ga Na Sama can yana yi wa kamfani aiki ranar da 'yan'uwansa suka shiga yajin aiki. Gobe ya shigo a tofar da yawu, Mai Usur ya ɗauke kai. Ya gwammace a kore shi da a kira shi maci amana.

Don ya rage zullumi ya kunna malama. Ita kuwa, kamar da gayya, darasin ranar na kalmomin hawa ne. Ta jero su: ta tashi tsaye, ta hawa tsani, ta ɗaga kaya, ta cirawar tsuntsu. Sannan ta ce daga cikinsu ne Turawa suka samo wata kalmar bore, ta jero ta da sauran na tawaye, ta talakawa in sun miƙe, ta sojoji in sun ƙi umarni, ta ma'aikata in sun ajiye aiki.

"Maimaita," in ji ta.

"Baiwar Allah, na farkon duk na yi su tun da safe," ya ce. "Na biyun ne aka tafi aka bar ni."

Ta dakata daidai yadda ta saba, ta wuce kalma ta gaba. Ya kashe ta.

Rana ta take, gilashi ya ɗau zafi, ruwansa ya ƙare. Iska na kaɗa rodin yana lilo a hankali, shi kuma hannunsa na kusa da sanda. Lokaci-lokaci yakan danna oba-oba ya ce, "Akwai mai ji na?" Tsakanin kira da kira yana shirya abin da zai faɗa musu, yana gyarawa, har ya haddace shi tsaf.

Sai bayan la'asar oba-oba ta yi ƙara.

"Wa ke nan?" Muryar Mai Usur ce, duk ta dishe.

"Ni ne. Rodinka na nan a hannuna."

Sannan ya ji, "Innalillahi! Hagu kaɗan. Sauke. Sauke. Tsaya." Babu zancen suruki yau.

Na Sama ya kashe inji ya kamo tsani ya sauko. Ya tarar da filin wayam, cebur nan, kwano can, siminti ya bushe a baro. Mai Usur na tsaye riƙe da kekensa, wanda shi ne ya dawo ɗauka.

"Ka gaya musu ba aiki nake yi ba," Na Sama ya fara tun bai gama sauke numfashi ba. "Kaya ne a rataye, ka san doka. Duk wanda ya ce na ci amana, a tara mu, ni zan ba da shaidar yadda birkilan ya faɗo. Me suka ce a kaina? Faɗa mini, kada ka ɓoye."

Mai Usur ya sosa ƙeya, ya kalli injin, ya kalli ƙasa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Babu wanda ya ce komai."

"Ko mutum ɗaya?"

"Wallahi har muka je muka dawo, babu wanda ya tuna akwai mutum a ciki."