Wayar Da Tanko Ya Yanke

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Alhaji Ɗalha na Mandawari ya ci kansila, ya sayi Honda 'yar Kwatano, kwancen Turai. Ranar da ta iso, ko gida ba ta je ba sai garejin Tanko a Ƙofar Dawanau. Tanko ke yi wa Alhaji aikin wayar mota tun yana jan tsohuwar Fijo.

Ya yi mata abin da ake yi wa duk motar da ta fito daga ƙasar sanyi: ya cire tamostat mai daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Wutar fankar ya samo ta daga wata waya da ya ga ta gangara wajen salansa. Me salansa za ta yi da wuta? Ya yanke ta, ya karkato da ita, ya naɗe da baƙin salatif.

Ba a jima ba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, motar ta shiga shan mai tana fitar da baƙin hayaƙi. Tanko ya ce gurɓataccen mai ne. Alhaji ya ce to, ya tsallaka titi da motarsa.

A tsallaken akwai rumfar Abdulmalik, ƙanen Tanko uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya dawo daga Legas da wata na'ura da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Tanko ne ya koya masa riƙon filaya. Yanzu sai Tanko ya zauna a benci yana kallon masu sababbin motoci suna ɗaga masa hannu suna wucewa can.

Sule mai faci ne ya kawo labari.

"Oga Tanko, kwamfuta ta kama ɓarawon. Wai sansa ce, wata aba kamar fulogi a jikin salansa. Ita ke shinshina hayaƙi ta gaya wa inji man da zai sha."

"Har hanci motoci suka yi yanzu?"

"Har da hita a cikinta, wai sai ta ɗumama take aiki. Ƙanenka ya aika Legas a kawo sabuwa."

"Allah ya kawo ta lafiya."

Sabuwa ta zo, Abdulmalik ya ɗaura. Alhaji bai kai gida ba fitilar ta dawo. Ranar Tanko sai da ya ƙara malmalar tuwo.

Washegari motar ta shigo garejinsa, Abdulmalik na biye da ita a ƙafa.

"Tanko, ƙanenka ya ce abin ya fi ƙarfinsa," in ji Alhaji. "Wai sansar lafiyarta ƙalau, hitar ce ba ta samun wuta, kuma harkar waya kai ne malaminta. Ni dai ku ji ni. Abokan aikina ma sun yi odar irinta, suna hanya. Wanda ya kashe min fitilar nan, shi zan kai wa su."

Tanko ya buɗe bonet, ya zare soket ɗin sansar, ya dangwala kwan gwaji a wayar hita. Kwan bai kama ba. Ya bi wayar da yatsa, yana jin idon Alhaji a ƙeyarsa, har ta kai shi bayan fanka. Nan ya tsaya. Wayar da ya yanke ce.

Amma salatif ɗin ba baƙi ba ne, shuɗi ne, irin wanda Abdulmalik ya zo da shi daga Legas. An warware, an ga murɗin hannun Tanko, an mayar an naɗe tsaf.

Ya ɗago kai. Abdulmalik yana kallon titi.

Da yaron ya tona masa asiri gaban Alhaji, da sun yi cacar baki, Inna ta kira su ta raba, an wuce. Wannan rufin asirin shi ya fi masa ciwo. Wato har Abdulmalik ya kai ya yi masa sadaka da kwastoma.

Tanko ya juya baya ya kare wurin da jikinsa. Ya mayar da wayar inda ya same ta, ya jawo wa fanka wuta daga akwatin fis, ya cusa shuɗin salatif ɗin a aljihu. Ya cire kan batir don fitilar ta mutu, ya mayar, ya ce a tayar. Suka zaga da ita har gindin Dala suka dawo, fitilar ba ta kama ba.

"Ikon Allah! Me ya same ta?" in ji Alhaji.

"Aikin yara ne, ranka ya daɗe. An ɗaura sansa, ba a kai mata wuta ba. Kwamfuta ai ba ta da ido."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Ka ji ko, ɗan Legas? Sai ka dawo ka ƙarasa karatu wajen yayanka."

"Haka ne, Alhaji," in ji Abdulmalik. "Yaya ya fi ni."

"To shi ke nan. Tanko, motocin naka ne."

Da Alhaji ya tafi, Abdulmalik ya matso, ya yi ƙasa da murya don kada Sule ya ji.

"Yaya, in sauran sun iso, a bar musu tamostat ɗinsu. Wayar nan ma a..."

"A garejin wa kake tsaye?"

"Naka, Yaya."

"To tsallaka. Ga su can suna jiranka."

Da gaske kuwa, motoci biyu sun tsaya a bakin rumfar Abdulmalik, masu su na leƙen titi. Tanko ya koma benci ya zauna, bai ɗauke ido daga kansu ba har Abdulmalik ya buɗe bonet ɗin ta farko.