Macijina a Gidan Auta

Ni ban iya kwana-kwana ba. Auta ta sace mini maciji, kuma duk wanda ya yi dariya, Allah ya haɗa shi da ɓerayen da ke ɗakin audugata.

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da iyayenmu suka rasu aka ja katanga a tsakiyar gida aka raba mana. Ita ta samu ɓangaren bishiya da ƙofar titi, ni aka ba ni ɓangaren kwata. Tun muna yara haka abin yake, in an sayo zane biyu, nata ne mai kyau. Ban taɓa kai ƙara ba.

Sana'ata ɗinkin katifa da matashin kai, kuma mai ajiye auduga ba ta da maƙiyi kamar ɓera. Na sa tarko, na sa magani, na kawo kyanwa ta ƙoshi da abincina ta gudu. Sai wata shekara na lura ɓarnar ta tsaya cak. Ashe baƙo na yi: maciji mai ruwan ƙasa, siriri, irin wanda ba ya da dafi. Na sa masa suna Ɗan Haya.

Shekaru muka yi tare, na san zamansa kamar yadda na san ciwon gwiwata. Da sanyi yana cikin tsofaffin bulon da na jibge a jikin bango, inda rana ke fara bugawa. In hantsi ya yi sai ya fito ya miƙe a kan wani tsohon kwanon rufi, ya sha ɗumi, ya koma. In zafi ya shigo, sai ya tare a ƙarƙashin tankin ruwa, wurin da famfona ke ɗiga. Da damina kuwa, in ruwa ya cika ramuka, sai ya hau ɗakin auduga ya zauna bayan buhuna. Ban taɓa ba shi komai ba, shi ma bai taɓa kallona sau biyu ba, amma shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda Auta ba ta da shi.

Ita kuwa masara take sayarwa, ɓeraye suna yi mata rabon gado tun tana da rai. Kullum sai ta leƙo ta katanga.

"Yaya, ke da surukin naki an tashi lafiya? Ni dai ko a mafarki ban zama da wannan abu."

"Gaishe mini da ɓerayenki," in ce mata.

To, 'yata ta yi rashin lafiya a ƙarshen damina, na tafi jinya na daɗe. Na bar wa Auta makulli. Da na dawo na iske tsakar gidana fes kamar asibiti. Babu bulo, babu kwanon rufi, famfo an ɗaure shi tam.

"Gyara muka yi miki, Yaya," in ji Auta. "Baban yara ya ce tarkacen nan zai kayar da ke."

Har godiya na yi mata, ni sakara. Ba a jima ba na buɗe buhun auduga na iske 'ya'yan ɓera jajaye a ciki. Katifar da na gama wa wata mata, suka huda ta gefe biyu. Na nemi Ɗan Haya sama da ƙasa, babu shi.

Ran nan da hantsi na taka turmi na leƙa gidan Auta. Ga bulona an jera su a jikin bangonta na gabas, ramukan suna kallon rana. Ga kwanon rufina a shimfiɗe. Ga Ɗan Haya a kai, ya yi ƙiba har yana sheƙi. Auta na zaune nesa kaɗan tana tankaɗe, tana yi masa magana da 'yar murya irin ta masu lallashin jariri. Duk shekarun nan da take tsokanata, ashe karatun zamansa take yi.

Ban tsaya cacar baki ba, na je na ɗauko Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shi kaɗai ya rage mana babba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin bishiyar Auta.

"Me aka sace?" in ji shi.

"Maciji, Kawu."

"Miji?"

"Maciji! Wa zai saci nata mijin balle ta saci na wani?"

Kawu ya dube ni, ya dubi Auta. "Ke Auta, kin ɗauki macijin yayarki?"

"Kawu, a aljihu zan sa shi? Da cikinsa ya ja ya zo."

"Ɗakinsa ya biyo!" na ce. "Kin kwashe masa ɗaki, kin kashe masa ruwa, ina zai je? Ke da kika ce ko a mafarki!"

"To ai na farka, Yaya. Kuma ke kin taɓa ce masa sannu? Ni kullum sai na gaishe shi."

"Maciji ba ya jin gaisuwa, munafuka."

Kawu ya ɗaga sanda. Ya ce shi tun da yake bai taɓa raba gardamar maciji ba, kuma ba zai kira shi ya tambaye shi wadda yake so ba. Amma bulo da kwano nawa ne, in kwashe abina yau.

Nan Auta ta sauke murya. "Yaya, sanyi ake yi. In kika buɗe shi yanzu, kin san ba gidanki zai nufa ba. Titi zai fita, su kashe shi."

Na sani, na riga ta sani. Amma na ɗaure zanena na fara ɗauka. Ina ɗaga bulo ina miƙawa ta kan katanga, gwiwa na ƙara, Auta na tsaye ta rungume hannu. Na cinye layin sama, na cinye na tsakiya. Da na ɗaga na kusa da ƙasa, sai ga shi a naɗe, sanyi ya kashe masa jiki, ko kai bai ɗaga ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani a naɗe da shi, ya fi shi duhu, sun cusa kai wuri guda.

Na tsaya da bulo a hannu. Shekara da shekaru yana gidana shi kaɗai kamar gwauro, bai taɓa kawo ko baƙo ba. Wata nawa a gidan Auta, har ya yi iyali.

"Har aure kika yi masa?" na ce.

"Wallahi Yaya ban san da na biyun ba."

Na mayar da bulon a hankali yadda yake. Na ɗauko wasu na rufa a kai don kada iska ta shiga. Sannan na juya wajen Kawu.

"Kawu, ka gani da idonka, biyu ne. In zafi ya shigo suka fito, ɗaya nawa."

"To wanne?"

"Nawa na da."

"Kai, Yaya," in ji Auta, "shi ne fa ya saba da ni. Ki ɗauki sabon."

Kawu ya miƙa hannu a tashe shi, ya ce in lokacin ya yi kada wadda ta aiko masa, ƙafarsa ciwo za ta yi. Na ce masa ba komai, a bayana zan goyo shi.