Inda Taya Ke Sakin Kwalta

…shi ya sa nake cewa a bar tayoyi su yi ɗumi tukuna, Ottmar. Zagayen farko ba a tambayar mota komai, gaisawa kawai ake yi. Ji ni fa. Ina koya maka abin da ka fi ni sani, kai da ke kwance bayan cocin ƙauye tun lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa.

Na sa mota a giya ta biyu. Ta uku. Yayyafi ne, ba ruwan kirki ba, irin wanda ke jiƙa kwalta ya bar ta da maiƙo. Tsohon filin jirgin sojan yana nan yadda ka bar shi, ciyawa ta tsattsago ta kowace tsaga, gangunan da muka jera don su nuna kwana-kwanar hanya sun yi tsatsa. Ga Frauke can bakin fili, ta jingina da motar gareji. 'Yarka. Rigar aikinka ce a jikinta, ta yi mata yawa, ta nannaɗe hannun. Ita ke riƙe da garejin yanzu. Ita kaɗai… da ni, in ana lissafi da ni.

Wannan ne babban aikinta na farko ba tare da kai ba. Motar wani likitan haƙori daga birnin Köln, Dokta Haverkamp. Tsohuwar motar tsere, ta girmi Frauke, injinta a can baya, bayan tayoyin baya ma. Ka san irinsu. Duk nauyinsu a gindi yake. Yarinyar nan ta kwance bayan motar kaf, sufirin, shokozoba, komai, ta sake ɗaurawa. Ranar Asabar mai ita zai ɗauki matarsa su hau duwatsun kudu, inda hanya ke murɗewa kamar hanji, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen rami.

"Kawu Egon," ta ce da ni da safen nan, tana miƙo mini burodi da cuku, "in ka ce ta yi, in ba shi makulli. In ka ce ba ta yi ba, in sake kwance ta. Bakinka kawai nake jira."

Bakina…

Ga kwanar farko. Birki tun mota na miƙe — saki — murɗa sitiyari a hankali — totur kaɗan, kaɗan, riƙe shi nan. Ta bi. Ta bi lafiya lau. Idona ya ga ta bi. Kunnena ya ji inji bai yi gardama ba. Amma jikina fa? Me jikina ya ce?

Shiru.

Da, kafin mota ta zame sai ta gaya mini. Ba ta taɓa tafiya ba sallama. Sitiyari ya ɗan yi sako-sako a tafin hannu, kamar ana zare maka wani abu a hankali. Kujera ta ɗan goce ƙarƙashin ƙugu, gocewar da ba ta kai faɗin gashi ba. Nan ne iyaka. Nan taya ke cewa, iyakar riƙon da zan iya ke nan, in ka ƙara na sake ka. Kuma a nan na zauna duk rayuwata, a kan wannan siririn layin, ba ciki ba, ba waje ba. In dawo in ce maka, tayar hagun baya tana saurin gajiya. Ka shige ƙarƙashi da sifana kana ƙunƙuni, ka fito ka ce, "Ɗan banza, gaskiyarka ce. Kai dai Allah ya sa maka ƙwaƙwalwa a ɗuwawu, ya bar kan nan fayau." In ce, kai kuma ya ba ka hannu ya hana ka zuciya, matsoracin da ko keke ba ya gudu da shi. Mu yi ta yi har kofi ya huce.

Wa zai zage ni yanzu? Kowa girmama ni yake yi. Yaran da ke zuwa kallon tsofaffin motoci har hula suke cirewa.

Miƙaƙƙiyar hanya. Giya ta huɗu. Waifa na share gilashi, na dawowa, na sharewa…

Likitar sukari ta riƙe allura. Ta ce in rufe ido. "Ka ji?" Ban ji ba. "Nan fa?" Ban ji ba. Ta hau sama, idon sawu, ƙwauri, cinya. "Nan fa, Malam Egon?" Na ce na ji. Ƙarya ce. Numfashinta na ji ya canza, na gane ta soka. Ta ce jijiyoyi ne, in sun mutu ba sa dawowa. Ta tambaya ko ina da wanda ke duba mini ƙafafu a gida, ko da zan ji ciwo ban sani ba. Wa? Rediyo? Na ce akwai. Na fito na tsaya a tashar bas ina taka ƙasa, kamar wanda aka naɗe wa ƙafafu da auduga. Yanzu ciwon ya kai yatsun hannu. Maɓallin riga sai na kalle shi kafin in ɓalle.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Mai gwajin mota da ba ya jin mota — me ya rage? Tsoho da hular kwano.

Ƙara gudu. Dole. A gudun kasuwa kowace mota mutuniyar kirki ce. Halinta na ainihi sai an matsa mata, kuma in ban matsa mata a nan ba, inda in ta zame ciyawa ce kawai, to likitan haƙorin nan zai matsa mata a can, bai ma san ya yi ba. Na gan shi ranar da ya kawo ta. Hannaye masu laushi, safar tuƙi sabuwa fil. Irin wanda zai shiga kwana da gudu, ya tsorata a tsakiya, ya ɗage ƙafa daga totur. Shi ke nan. Nauyi ya koma gaba, gindi ya yi sakayau, inji ya ce shi ma gaba zai je. Ta juya da su kamar faifai. Motocin zamani na rufa wa mutum asiri, na'ura ta gyara masa kuskurensa bai sani ba. Waɗannan ba ruwansu. Abin da ka yi, shi za su mayar maka. Matarsa ta yi ta shafa kujerar fata tana dariya, wai a irinta ya fara ɗaukar ta yawo suna samari. Ta kawo wa Frauke kek ɗin tuffa.

To. Doguwar kwanar da ke bayan itatuwa. Inda inuwa ba ta barin kwalta ta bushe. Nan kowace mota ke faɗin gaskiya.

Birki. Giya ta uku. Murɗa. Riƙe totur. Saurara, Egon, saurara… hancinta na shiga, madalla… ƙara kaɗan… yanzu ya kamata sitiyari ya fara — ya fara ne? Bai fara ba? Hannayena na kai, ina ganinsu, kamar hannayen wani. Ƙara kaɗan. Kujera, yi magana mana. Don Allah. Ko sau ɗaya —

Itatuwa. Me ya kawo itatuwa gabana?

Ta tafi. Ta riga ta tafi tun ɗazu. Mayar da sitiyari — an makara — ganga, sama, fili, ganga — kuloci, birki, duka biyun, danne — ciyawa na dukan ƙarƙashinta, laka a gilashi…

Tsit.

Inji ya mutu. Waifa kaɗai ke aiki, tana shafa laka da wannan gefe zuwa wancan. Ban bugi komai ba. Gangar nan ta wuce ta gefen ƙofata, da zan miƙa hannu da na taɓa ta. Motar lafiya. Ni ma… ina jin lafiya. Ta ina zan sani? Sai na duba.

Na sha juyawa da mota, ba yau farau ba. Amma kullum na san zuwanta. Ni ke kiranta ma, in ce zo mu gani. Yau da ido na samu labari. Kamar ɗan kallo. Kamar likitan haƙori.

Ottmar…

Bara. Kai da ba ka taɓa yarda ka shiga mota in ni ke ja ba, tun muna samari. Rana ɗaya ka buɗe ƙofar gefe ka zauna, ka ja bel har wuya. Wai akwai wata ƙara da kake son ji da kunnenka. Daga nan kullum sai ka shiga. Kullum akwai ƙara. Fuskarka fara fat, ka ƙanƙame mariƙin ƙofa, mu fito daga kwanar nan ka ce, "Bayan nan ya ɗan yi rawa, ko? Ko tsoro ne ke ruɗa ni?" In ce, ya yi rawa mana, sai yanzu ka ji? Ka ce, "To, shugaban masu ɗuwawu, tunda ka faɗa."

Babu wata ƙara, ko?

Ka ga kofi ya suɓuce mini ranar nan a gareji. Ka ga ina laluben makulli a tafin hannuna. Ka gane. Ka shiga ka zauna cikin abin da ka fi tsoro a duniya, kana ji mini, kana miƙo mini amsa ta bayan fage, ni kuma ina mayar maka da ita da gadara. Shekara guda cur. Kuma ka tafi ba ka gaya wa 'yarka ba. Don ka rufa mini asiri. Ka bar ta tana jiran bakina.

Ga ta can ta taho. Da gudu ta fara, ta ga na ɗaga hannu, ta koma tafiya. Filin da tsawo. Rigar na kaɗawa a jikinta.

Me zan ce mata?

In ce motar ce? Bayan ya yi tauri da yawa, Frauke, ya saki ba gargaɗi. Za ta yarda. Ba za ta yi musu ba ko da kalma ɗaya. Ta koma ta kwance aikin da wataƙila ba shi da aibu ko kaɗan, ta yi ta neman laifin da babu shi, ta kira mutumin ta ba shi haƙuri, ya ɗauke motarsa ya kai wani wuri, ya gaya wa abokansa cewa tun da tsohon ya mutu garejin ya mutu. Ita kuma ta daina yarda da hannunta. Wannan ya fi komai.

In ce ni ne? Tsufa ne, 'yata, ƙafata ta goce, motarki lafiya ƙalau, ba shi makulli. In kuma ba lafiya ƙalau ba ce fa? In da gaske ta saki da wuri? In akwai wani abu a hagun baya, ɗan ƙaramin abu, irin wanda da can zan ji tun a kwanar farko? Asabar. Dutse a gefe ɗaya. Matar nan da kek ɗinta.

Motar ta yi magana. Na tabbata ta yi. Ta faɗi komai a kwanar nan, ko laifinta ne ko nawa, ta faɗa dalla-dalla… ba wanda ke ciki da zai ji.

Akwai wani yaro — ba yaro ba, ya yi furfura shi ma — a can wajen garin Adenau, yana gwajin motoci, an ce jikinsa na jin mota. Sai a kira shi. Ya zo ya zauna a nan. Frauke ta riƙa miƙa masa burodi da safe. Ni kuma… gida. Rediyo. In zauna in duba ƙafafuna da madubi.

Na gaji, Ottmar. Ko bel ɗin nan na kasa ɓallewa, ina danna wurin, ban san ko ina dannawa ba.

Ta iso. Ta sunkuyo, ta share laka da hannun riga, tana leƙo ni. Ba motar take kallo ba, ni take kallo. Bakinta na motsi ta bayan gilashi. Kawu, lafiya? Sannan ɗaya tambayar, wadda ba ta furta ba tukuna, tana nan tsaye a idonta.

Sai na sauke gilashin nan. Mariƙin na nan wajen gwiwata, ina ganinsa.

Ban sani ba, Frauke. Tun da nake ban taɓa faɗar wannan a kan mota ba… ta ina ake farawa?