Ƙirgi a Ƙarƙashin Kamiyo

A farkon shekarun mulkin kai, babu kafinta a Dogon Dutsi da ya kai Mahmuda iya ɗora akwatin katako a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya da fasinja. Hanyar Matankari kuwa tsakuwa ce mai kunya-kunya, tana jijjiga mota har haƙoran fasinja su riƙa karo. Illo direba ya kawo tsohuwar taya, ya ce a yanka a shimfiɗa tsakanin katako da ƙarfe domin ta shanye jijjigar. Mahmuda ya ture ta da ƙafa. Da ƙirgi mahaifinsa yake ɗaure aikinsa, haka kakansa, kuma wannan busasshiyar fatar shanu ba ta taɓa kunyata gidansu ba.

Ya yanka ƙirgi ya jera, ya matse kusoshi, ya ɗora ƙwaryar ruwa a kan akwatin, aka tayar da inji. Ruwan ya kwanta lumui. Sai dai fa a tsakiyar rani aka yi wannan gwaji.

Da damina ta faɗi, ƙirgin ya jiƙa, ya yi laushi, ya sulluɓe. A wani gangare kusa da Matankari akwatin ya rabu da motar da mutane a cikinsa. Hure, matar Yero makiyayi, a ƙarƙashinsa aka zaro gawarta.

Washegari da hantsi Yero ya shigo rumfar Mahmuda riƙe da sandar kiwo, ya jefa masa jiƙaƙƙen ƙirgin a fuska.

"Baba, wane hannu ya yanka wanga?"

"Ɗana, zauna mu yi magana kamar yadda magabata..."

Sandar ta sauka a bakinsa. Haƙori ya faɗi cikin garin katako. Mahmuda ya kife, ya cusa hannun damansa ƙarƙashin ciki, domin da shi yake ci, da shi sunan gidansu yake tsaye. Ya tara wa sandar bayansa. Yero ya yi ta zuba masa sanda har rigar ta rine, haƙarƙari ya yi ƙara.

"Ko yaron da ke bin majema ya san abin da ruwa ke yi wa fata! Miƙo hannun!"

Illo ya rugo a guje, kansa naɗe da tsumma saboda raunin hatsarin, ya rungume Yero ta baya. Yero ya watsar da shi, ya juya, ya ɗaga sanda daidai kan da ya riga ya fashe jiya.

"Bar shi!" in ji Mahmuda cikin jini. "Shi taya ya kawo."

Ya zaro hannun, ya shimfiɗa shi a kan gungumen da yake sassaƙa. Yero ya sauke sandar da dukan ƙarfinsa, har aka ji karyewar ƙashi a bakin kasuwa.

Jandarmomi sun tafi da Yero. Mahmuda ya rayu, amma yatsun nan ba su sake riƙe gizago ba.