Fis a Aljihun Baba

Babanmu mai gyaran wuta ne, kuma bai taɓa yarda da wutar ba. Da an ɗauke, sai ya zare fis ɗin gidan ya jefa a aljihun rigar aikinsa. Ba ya mayarwa sai ƙwan lantarkin maƙwabta ya yi minti biyar bai yi rawa ba.

Da Umma ta koma shaƙar iska ta na'ura, ya haɗa mata wani ɗan akwati mai tare wuta idan ta zo da ƙarfi. Wata uku da rasuwar Baba, Yayana ya cire akwatin.

"Ɓata lokaci yake. A kawo wuta, ya tsaya jan aji?" in ji Yaya.

Yayan da ko ƙwai bai iya sauyawa ba! Na ji haushi, amma ban hana shi ba, har yau ina jin kunyar hakan.

Ranar nan da azahar aka ɗauke wuta. Na sa wa Umma ƙaramar tukunyar iska, wadda ba ta wuce awa biyu. In na'urar ta ƙone, ba mu da wata.

Ina wanke-wanke na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga wajen mita. Haka Baba yake buga murfin da gindin testa kafin ya buɗe. Na leƙa, ba kowa, sai ƙaurin dalma.

Sai ga wuta ta dawo kamar an koro ta. Ƙwayayen maƙwabta suka dinga fashewa, wata na ihu firjinta na hayaƙi. Na ruga ɗakin Umma. Na'urar na jone a soket, a mace, amma ba ta ƙone ba. Duk gidanmu ba wuta.

Na buɗe murfin mita. Babu fis.

Yaya ya rantse bai taɓa ba. Muka birkice gidan, sannan na ɗauko makullin ɗakin Baba. Rigar na rataye inda ya bar ta. Fis ɗin na aljihun hagu, da ɗuminsa.

Umma ta janye robar hancinta.

"Na ce wa Babanku ya zauna, ya ce hannunsa da datti," in ji ta. "Ya tambayi akwatinsa."

 Yaya ya fita nemo mai gyaran da zai mayar da akwatin, ko takalmi bai sa ba.